Kayen kuɗin magani na gidanmu a Garin Malam

Asabar, 4 Janairu 2025

Yau na sayi kaye mai shafi 100 da bik ja a bakin Kasuwar Dole, na rubuta a bangonsa: kuɗin magani. Niyyar da na ɗaura ita ce, daga yau har ƙarshen shekara, duk dalar da za ta fita daga gidan nan da sunan lafiya sai ta ratsa ta cikin kayen nan, ko da ta kabu-kabun zuwa likita ce, ko ta kunun mai jinya.

Mu bakwai ne a gidan: ni, maigida, Inna mahaifiyarsa, da yara huɗu. Shi yana kabu-kabu, ni ina ɗinki a tsakar gida. Ba mai albashi a cikinmu, ba kuma wata takarda da ke ɗauke mana kaso idan an kwantar da wani. Abin da aka samo da rana shi ake ci da dare, ciwo kuwa ba ya sallama kafin ya shigo.

Tunkiyata ce ta sa ni wannan aiki. A daminar bara yaronmu na uku, lokacin yana da shekara 3, ya yi zazzaɓi. Kwana uku muna ba shi ƙwayoyin mai talla da siro, muna cewa da sauƙi. A dare na huɗu ya sanƙare, idanunsa suka juye, na ɗauke shi ko ɗankwali babu. Kwana biyar muka yi a asibiti, har da ƙarin jini. Allah ya tashe shi, amma kafin mu dawo gida na sayar da tunkiyar da cikinta, a kan kuɗin da bai kai rabin darajarta ba, don mai saye ya ga gaggawa a fuskar maigida.

Da la'asar na zazzage gwangwanin madarar da nake tara odonans, wato takardun magani, da rasit a ciki, na baje su a kan tabarma, na yi lissafin bara. Abin da ke da takarda ko na iya tunawa ya kai jika 187: farmasi jika 96, ganin likita da gwaje-gwaje jika 38, sufuri da abincin jinya jika 31, masu talla da masu allurar gida jika 22. Na daɗe zaune ina kallon adadin. Ya fi kuɗin sabon keken ɗinki.

Alhamis, 16 Janairu

Ƙanwata da ke karatu a makarantar koyon aikin lafiya ta ENSP a nan Damagaram ta zo hutun yini, na ajiye mata takardun. Ta ɗauki odonans ɗin Inna ta duba, ta ɗauki kwalin maganin hawan jininta ta juya shi, ta ɗora farce a kan wasu ƙananan haruffa da ke ƙarƙashin babban suna.

"Yaya, wannan ƙaramin shi ne sunan maganin na gaskiya, amlodifin. Babban na sama sunan kasuwa ne da kamfani ya sa masa. Ki je ki ce a ba ki jenerik, miligiram 5 kamar wannan."

Na ce ba zai zama ragagge ba? Ta ce sinadarin ɗaya ne, ma'auninsa ɗaya, kwali da talla ne suka bambanta. Ta ba ni misali da Doliprane da Efferalgan, duka farasitamol ne, Clamoxyl kuma amoksisilin. Ta ce tun bayan da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 magungunan Faransa suka yi tashin gwauron zabo, ƙasashenmu suka karkata ga jenerik, kuma su ne ONPPC, hukumar magunguna ta gwamnati, ke shigowa da su tana rabawa ga asibitocin gwamnati da farmasin jama'a.

Da yamma na tafi. Sai da na tsaya a bakin ƙofar farmasin na ɗan lokaci, don ban taɓa buɗe baki a wurin ba in ban da miƙa takarda da miƙa kuɗi. Na ce, "Malam, don Allah akwai jenerik na wannan?" Bai ko ɗago ba, ya juya ya ɗauko sashe uku marasa kwali, ɗaure da roba. Na wata guda jika 2. Wanda muke saya jika 9 da ɗoriya ne, kuma mun fi shekara biyu muna sayensa. Da na fito na tsaya a gindin wani bedi na yi lissafin abin da kunyar tambaya ta ci mana, hawaye suka zo mini. Ba wanda ya cuce mu, ba mu tambaya ba ne.

Sai da na kai wa majo, babban ma'aikacin jinya na likitar unguwa, ya gani kafin Inna ta fara sha. Ya ce shi ne, ya rubuta a karnenta.

Talata, 11 Fabrairu

Wannan makon na yi shi ne a kan sanin abin da yake haƙƙinmu. Na zauna wajen majo bayan layi ya ƙare, na ce ya faɗa mini dalla-dalla, ni kuma ina rubutawa.

Tun 2005 tiyatar haihuwa kyauta ce a asibitocin gwamnati. A 2006 aka ƙara da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da tsarin iyali. Allurar rigakafi ta yara kyauta ce, maganin tarin fuka ma haka. Sannan daga 1 ga Satumban 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciya da rabi, haihuwa ta zama kyauta, aka kuma soke jika 150 da masu wankin ƙoda ke biya kafin a fara musu.

Sai dai kyautar tana da gurgunta, kowa a garin nan ya sani. Idan kuɗin da gwamnati ke mayar wa asibitoci ya yi jinkiri, magani sai ya yanke, sai a ga yaron kyauta a kuma rubuto odonans a ce ka je waje ka saya. Na rubuta wa kaina ƙa'ida uku a shafin farko. In fara da likitar unguwa, kada in tsallake zuwa babban asibiti ko kilinik sai an tura ni da takarda. In tambayi ma'ajin maganin likitar kafin in fita waje. In karɓi rasit a kan kowace dala, abin da ba shi da rasit kuma in tambayi na mene ne, da ladabi.

Na kuma ƙara ta huɗu daga bakin majo. Ya ce idan odonans ta zo da magani biyar kuma kuɗinki na biyu ne, kada ki bar wa mai farmasi ko aljihunki zaɓi, ki dawo ki ce wa wanda ya rubuta: wanne ne dole, wanne ne zai iya jira? Sau da yawa na ƙasan bitamin ne da siron ƙarin ci.

Duba karnen yara da na yi ya nuna auta ba ta samu allurar ƙyanda ta biyu ba. An ba ni ranar komawa. Wanda ya ga sanƙarau ɗin 2022 zuwa 2023 a Dungas da Magarya da Mirya, ko mashaƙon da ya addabi yankin Matamaye a 2023, ba ya wasa da karne.

Lahadi, 9 Maris

Azumi. Majo ya ce Inna ta mayar da ƙwayarta bayan buɗa-baki, kullum lokaci ɗaya.

Rigimar wannan watan ta tukunya ce. Ƙanwata ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma magi da kanwa duk cikin lissafin suke. Ni kuwa magi huɗu nake jefawa a miyar kuka, in ƙara gishiri, ga kanwa a kunu da wake. Na rage zuwa biyu, na ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da busasshen kifi. Daren farko maigida ya ɗanɗana ya ajiye cokali ya ce, "Yau lafiya?" Na ce lafiyar ce ta kawo haka. Ya nemi gishiri a tafin hannu na ba shi, ban yi gardama ba. Zuwa kwana na shida ya daina nema.

Wani abin kuma da ban so ba: a ƙarƙashin katifar Inna, ina kakkaɓe shimfiɗa, na tsinci ƙullin leda da jajayen ƙwayoyi. Na ciwon gwiwa ne, wajen yaron da ke yawo da faranti a ka take saya, uku dala ashirin. Ƙanwata ta karanta abin da ya rage na rubutun, diklofenak ne. Ta ce yana tayar da hawan jini, kuma yana cin ƙoda da ciki idan aka daɗe ana sha. Ashe muna zuba ruwa ta sama, tulun na yoyo ta ƙasa. Ban ce wa Inna komai a gaban yara ba. Bayan tarawi na shiga ɗakinta na durƙusa na ce, "Inna, wannan ƙwayar tana faɗa da waccan. Ki bar mini ita, gobe in tambayo wadda za su zauna lafiya." Ta yi shiru, can ta ce, "To ƴar nan, gwiwar fa?" Aka ba ta farasitamol, wanda ake haɗiya, ba mai narkewa a ruwa ba, don shi ma mai narkewar yana da nasa gishirin. Ina gasa mata gwiwar da ruwan ɗumi kafin ta kwanta.

Laraba, 9 Afrilu

Da ƙyar nake rubuta wannan, amma kayen ba zai yi amfani ba idan na nasara kaɗai ke shiga ciki.

Shekaranjiya da azahar Inna ta tashi za ta yi alwala ta dafe bango, ta ce kanta kamar ana sara da gatari, tana ganin abu biyu-biyu. Maigida na bakin aiki, salularsa a kashe. Makwabci ya kai mu a adaidaita. Aka ɗaura mata abin awo a damtse, na ga majo ya sake matsawa karo na biyu bai ce komai ba. Awon jininta 19 bisa 11, ya hau sosai. Ya rubuta takarda ya ce mu wuce asibiti yanzu.

Laifina ne. Ƙwayoyinta sun ƙare tun kusan kwana takwas kafin sallah, ina tsakiyar ɗinki, ina kwana a kan keke, kuɗin da ke hannuna na zuba a zare da les. Na ce gobe, gobe ta zama jibi, sannan na manta. Ita kuma ta ga yadda muke fama, ta ƙi tunatar da ni, ta koma shan zoɓo da jiƙon tafarnuwa, ta ce ai ba ta jin komai a jikinta. Hawan jini kuwa haka yake, ba ya ihu. Kwana 16 ba ta sha ba, ga zafin Afrilu.

Dare ɗaya muka kwana. Gwajin jini, gwajin zuciya, magunguna, adaidaita zuwa da dawowa, abinci: jika 27, duk da ragin da aka yi. Ƙwayar da na kasa saya jika 2 ce. Alhamdu lillahi ba ta kai ga shanyewar ɓarin jiki ba, hannu da ƙafa suna motsi, magana na fita daidai. A gadon kusa da namu akwai wata dattijuwa da ba ta yi wannan sa'ar ba, ƴarta na ɗura mata kunu da cokali yana dawowa ta gefen baki. Ban yi barci ba.

Na zo rage kuɗin magani ne, sai na fahimci akwai kuɗin da ba a taɓawa. Daga yanzu maganin Inna na wata biyu nake saya a tare, kuma ranar da aka ɓare sashen ƙarshe ranar ake sayo wani. Na ɗinka ƴar jaka mai aljihu bakwai na rataya a ƙusa kusa da carbinta, kowace Juma'a in cika aljihunan, kowa ya wuce ya ga ko ta yau tana nan. Babban yaron ne mai dubawa bayan magariba.

Juma'a, 2 Mayu

Gwangwani biyu. Na gida, ina jefa sefa 200 kullum daga kuɗin ɗinki kafin in taɓa shi, jika 6 ke nan a wata. Na ɗinke bakinsa da ƙyalle don kada hannu ya saba.

Na biyu na asusun matan layinmu ne. Mu 22 ne, muna zubi kowace Juma'a irin na Mata Masu Dubara, tsarin da aka faro a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, akwatin ƙarfe da makulli uku a hannun mata uku. Na kawo shawara a ware dala ashirin-ashirin kowane mako na rashin lafiya kaɗai, a ranta ba riba, a biya cikin wata biyu, kuma a iya buɗewa ko da tsakar dare. An ja. Wata ta ce za a riƙa fakewa da ciwo ana cin kuɗin biki. Muka tsaya a kan sai an nuna odonans ko karne. Na ba su labarin tunkiyata, duk da sun sani, na ce da akwai jika 15 a kusa a daren nan da ba ta fita gidan ba. Uwar asusu ta ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, a fara yau.

Ruwa kuma ya yi wuya kamar kowace bazara. Famfon layinmu sai ƙarfe ukun dare yake ɗigowa, in ya ga dama, saura sai ƴan garuwa, kuma ba ka san inda suka ɗebo ba. Ina jefa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs ɗaya a bido mai lita 20, a jira rabin awa. Randar sha na sa mata murfi da moɗa mai dogon hannu da ba ta sauka ƙasa. Na ajiye sashen ruwan gishiri da sukari na likita guda huɗu da ƙwayoyin zink. Auta ta yi zawo kwana biyu a makon jiya, na dama sashe ɗaya a lita guda ina ba ta kaɗan-kaɗan da cokali, nono bai tsaya ba, na kai ta aka duba, zink kwana 10. Abin da na kashe sefa 400 na kabu-kabu. Bara irin wannan siro uku na saya.

Litinin, 23 Yuni

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Na sauke sange huɗu na gidan. Dabarar da na samo: in shiga ciki da dare, yaro ya haska tocila daga waje, duk inda haske ya faɗo ƙato in ɗaura zare ja. Na yaran maza huda 14, biyu daga ciki hannuna na shiga. Na yanko ƙyallayen da suka rage na ɗinki na yi faci, ƙananan na tattare da allura. Na wanke da sabulun wanki na gari, ba jabel, na shanya a inuwa, don rana tana kashe maganin da ke jikin zaren. Na Inna ya haura shekara uku, ya yi laushi kamar tsumma, na sayo sabo, na bar shi ya sha iska kwana ɗaya a inuwa kafin a ɗaura.

Na kafa ƙusoshi a tsakar gida ma, don idan wuta ta ɗauke ba mai iya kwana a ɗaki. Wahalar ita ce maigida da babban yaron, masu zaman fada har sha biyun dare ana shayi. Sauron zazzaɓi aikin dare yake yi, kuma da an yi ruwa biyu duk ramukan bulo da kwarin duwatsun garin nan sun cika. Ba ni da ikon hana fada. Na ɗinka musu riguna masu dogon hannu.

Na rubuta jika 8 na kaski, hular kwanon hawa moto, a kayen. Maigida ya ce wannan ai ba magani ba ne. Na ce ya je ɗakin ƴan haɗari ya leƙa sau ɗaya, in ya dawo ya ce in goge sai in goge.

Asabar, 9 Agusta

Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina suna bi gida-gida, na yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata har damina ta fita. Ranar farko a gabansu ake ba yaro ƙwaya biyu, sai su bar na kwana biyu a hannun uwa. A nan ake yin asara. Na san gidajen da ke ajiye sauran a kan taga har su narke, da waɗanda ke raba wa manyan yara don kowa ya samu. Ni ma zuciyata ta raya mini, don yarinyata mai shekara 7 ba ta cikin rabon kuma ita sauro ya fi so. Ƙanwata ta ce rabin magani ba ya kare ko ɗaya daga cikinsu. Na bar wa masu shi. Ina narkar da ƙwayar a cokali da ɗan ruwa bayan sun ci abinci, in riƙe auta a cinya, in jira rabin awa in ga ba ta amayar ba, sannan in sa alama a katin.

Ban kashe ko dala a wannan ba.

Alhamis, 18 Satumba

Abin da nake tsoro ya zo, ya kuma wuce.

Daren Litinin yarinyar ta ƙi tuwo, ta kwanta tun kafin isha. Na taɓa goshinta kamar garwashi. Yaron faranti yana nan bakin layi da fitilarsa, na ji muryarsa. Bara da shi zan kira. Na ba ta farasitamol daidai nauyinta, na jiƙa zane ina goga mata, na buɗe bakin gwangwani na ƙirga kuɗi na ɗaure a bakin zane. Ƙarfe bakwai na safe muna layi.

Layin Satumba sai wanda ya gani. Mata a kan benci, a ƙasa, a gindin bango, kowace da yaro a kafaɗa yana numfashi sama-sama. Sai sha ɗaya muka shiga. Aka huda ɗan yatsanta, aka ɗiga jinin a ɗan farin allon gwaji, muka jira minti 15. Layi biyu suka fito. Aka ɗora ta a sikeli, aka ba mu maganin zazzaɓi na nauyinta: sha shida cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8, saura safe da dare, kuma da abinci mai maiƙo ko nono don ya shiga jiki. Fura da nono na riƙa dama mata. Jiya da safe ta tashi tana neman ƙosai, Inna ta ce tunda ta warke a ajiye sauran don gaba. Na ce, "Inna, sauran su ne masu kashe na ɓoye." Yau da dare ta sha na ƙarshe.

Duka-duka, da kati da magani da kabu-kabu da nono, jika 4 da rabi, sai yinin ɗinki ɗaya da na rasa. Ciwo ɗaya ne da na ƙanenta na bara. Bambancin kwana uku ne na jira.

Ba na ƙin yaron faranti, abinci yake nema, kuma yana ba da bashi, yana sayar da ƙwaya ɗaya ga wanda ba shi da kuɗin goma, abin da ya sa mutane ke zuwa wajensa ke nan. Amma kayansa suna yini a rana, shi bai san abin da ke ciki ba, wanda ya sayar masa ma wataƙila bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017, a ƙasashe irin namu, magani ɗaya cikin 10 jabu ne ko maras inganci. Mu a Nijar ba labari ba ne: a annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa dubban mutane allurar rigakafi ta jabu.

Akwatin asusu an buɗe shi sau huɗu a watan nan, sau ɗaya ƙarfe biyun dare. Uku sun fara biya.

Talata, 14 Oktoba

Maigida ya dawo da ciwon jiki da mura da ɗan zazzaɓi, ya ce in kira mai allurar bayan layi ya sa masa ruwa leda biyu, tayifod ce. A garin nan duk kasala tayifod ce, kuma in ba a huda mutum ba bai yarda an yi masa magani ba. Na ce, "Malam, ka ba ni safiya ɗaya. In gwaji ya ce a sa ruwa, ni zan biya." Ya tafi yana ƙunƙuni. Gwajin zazzaɓi layi ɗaya, babu. Majo ya saurari ƙirjinsa ya ce mura ce, ya huta, ya sha ruwa da yawa da farasitamol, in zazzaɓin ya wuce kwana uku ko numfashi ya yi wuya ya dawo. Ya kuma ce masa mai iya sha da bakinsa ba ya buƙatar ruwan leda. Kwana biyu ya kwanta, yau ya fita da moto. Bai ce na yi gaskiya ba, amma da zai fita ya ajiye sefa 500 a kan keken ɗinki ya ce a sa a gwangwani.

Tunda ya je, na roƙa aka auna shi: 13 bisa 8. Na Inna na wannan watan 14 bisa 8, wata na biyar ke nan bai haura haka ba.

Lahadi, 2 Nuwamba

Na haɗa lissafin wata 10: jika 94. A ciki akwai jika 27 na daren Inna, da kaski, da sange. Bara jika 187 ne a wata 12. Ba duka ba ne aikina, ragin da gwamnati ta yi ya taimaka, kuma Allah bai jarrabe mu da karaya ko tiyata ba bana. Shafin masu talla da allurar gida babu komai tun Maris. A gwangwanin gida akwai jika 19.

Sanyi na tafe da ƙurarsa da tarinsa. Na fara ɗinka wa yara huluna da rigunan sanyi daga ragowar yadi, na kuma ce a daina kunna gawayi a ɗaki a rufe ƙofa. Ranar Alhamis zan leƙa wajen dabbobi in ji kuɗin ƴar tunkiya, ji kawai.

Abin da ke gabana yanzu idon Inna ne na hagu. Tun bayan babbar sallah take cewa kamar hazo, jiya ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi ta kama iska. Na duba a hasken rana, ƙwayar idon ta yi fari-fari. Ƙanwata ta ce da alama yanar ido ce, aiki ake yi a cire, ɗigo ba ya wanke ta, kuma kada mu kuskura mu bari mai sakiya ya taɓa ta. Inna ta ce a bar ta haka, ɗayan ya ishe ta ganin hanyar banɗaki, kada a kashe kuɗi a kan tsohuwa. Na ce mata gobe Litinin za mu je majo ya duba ya ba mu takardar zuwa sashen ido. Zan tafi da kayen, in rubuto kuɗin ganin likita, da na aikin, da na ɗigon bayan aiki, kowanne daban, in kuma tambaya ko akwai lokacin da ake yin aikin ido na taimako, a sa sunanta.